Ganyen Ramlatu a Bishiyar Alhaji Labbo

Ina da wani ɗan rauni da duk danginmu suka sani: ba a roƙona aiki, yabona ake yi. Ka ce da ni "ai kai ne mai ilimin gidan nan," ko rijiya ka ce in yasa, zan tuɓe riga in shiga. Matata ta ce da akuyarmu ta iya magana, da tuni ni ke ɗaure a turke ita tana zaga gari.

Da wannan igiyar Alhaji Labbo ya ja ni. Labbo ɗan baffana ne, ya ɗan girme ni, ya kuma fi ni komai in ban da karatu. Ni hedimasta ne a wata firamare a Gummi. Shi kuwa zinari ya yi masa rana a ƙasar Anka, yanzu kuma ciyaman yake so ya zama. Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya: har gobe mutane ɗan haƙa suke kiransa. Sai ya tuna kakanmu, Malam Abdulmutallib na Bukkuyum, babban malami ne da aka yi karatu a zaurensa. Labbo bai san ko ta wace kusurwa kabarin tsohon yake ba, amma rana ɗaya ya wayi gari da ƙaunarsa.

"Hedimasta," ya ce da ni a waya, "taron zumunci za mu yi bayan Babbar Salla, nan Anka. So nike a zana zuri'ar Malam duka bisa icce guda, a buga a babbar fasta irin ta leda. Wa zai iya wanga aiki in ba kai ba?"

Na ce babu. Cikin tawali'u na faɗa, amma dai na faɗa.

Na bi mazan dangi, na kusa da ƙafa, na nesa da waya. Kowa ya lissafa mini 'ya'yansa. Wani sai ya kai na shida ya tsaya, ya ɗaga murya ya tambayi cikin gida. Wani ya jero maza tiryan-tiryan, sannan ya rufe da "sai 'yan mata huɗu," kamar mai ba da gyara. Na kwashi abin na kai wa Kenneth, wani mutumin Kudu mai shagon buga takardu kusa da tashar Gummi, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu malamaina. Ya zana mana kuka a kwamfuta. Malam ne gindi, 'ya'yansa manyan rassa, mu jikoki ƙananan rassa, 'ya'yanmu ganye. Hoton Labbo kuma a gefe, ya kusa kai girman kukar. Kenneth ya buga mini gwaji a takarda, na naɗe na nufi Bukkuyum in nuna wa Inna, don yabon da Labbo ya yi mini ya fara ƙarewa.

Inna ta tsufa, hankalinta yana zuwa yana komawa. Ƙanwata Ramlatu ce ke kula da ita, tana soya ƙuli-ƙuli ana kai mata kasuwa. Ramlatu ita ce matar Labbo ta fari, auren zumunci. Tare suka zauna a wata tunga a bayan Anka lokacin da zinari ya fito. A lokacin Labbo buhu-buhu yake shigo da duwatsu tsakar gida, mata su daka, inji ya niƙa, ƙura ta sauka a kan tuwo da tabarma da duk abin da ke rarrafe. Damina ɗaya yara suka fara shiɗewa, ido ya kafe, jiki ya sandare. Likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Labbo ya mayar da injinsa daji, ya tafi Makka. Bayan 'yan shekaru Ramlatu ta dawo gida da kayan ɗakinta da takardar saki, ba goyo.

Na shimfiɗa takardar a tabarma. Ramlatu ba ta yi boko ba, amma ta goge hannu a zane ta matso.

"Ina nike, Yaya?"

Na nuna mata.

"Wanga reshe mai ganye jingim fa?"

"Na Labbo ne."

"Nau kuma mi ya cinye ganyen? Fara?"

Na gyara murya irin ta aji, na ce ai masu rai aka rubuta.

"Malam na da rai?"

"A'a."

"Baba fa?"

"Su ai sun bar baya."

Ta koma gaban kwanonta ta ci gaba da murza ƙuli. Ba ta ɗaga murya ba.

"To juya ka rubuta ni ke nan. Ɗiyan gidan ga su tashi su ga Gwaggo Ramlatu ba ta taɓa haihuwa ba. Yaya, ba ni son komi ga Labbo. Amma na yi naƙuda, na yi wankan jego, na ba da nono. Kar a rataye ni a bango kamar busasshen icce."

Kunya ba ta sa ni shiru, surutu take sa ni. Na zaro biro na hau yi mata alkawari. Na ce zan sa su, ai aikin a hannuna yake. Na ce Zuhura na tuna ta, mai kuka kamar usur. Na tuna kuma jaririn da bai kai ranar suna ba.

"Sai na farin," na ce. "Wane ne sunansa ma?"

Ramlatu ta ja mayafi ta rufe baki, ta tashi ta shige madafi. Na san mace a wajenmu ba ta kama sunan ɗan fari, yana raye ko yana ƙasa. Ni kaina ɗan fari ne, na yi furfura ban taɓa jin sunana "Makau" daga bakin Inna ba. Na sani sarai. Bakina ne ya riga ilimin gidan fitowa.

Na juya wajen Inna.

"Mai-cefanena kake tambaya?" ta ce. "Wannan miji ko gishiri bai taɓa kawo mini ba, ya gudu ya bar ni."

"Sunansa na yanka, Inna."

"Mai-cefane mana."

Na fita zaure na kira uban yaron.

"Wane yaro?" in ji Labbo.

"Na farinka. Na wajen Ramlatu."

"Allah sarki. Ai ba ni mance wannan biki. Rago nit yanka fari mai baƙin kai, daga kasuwar Gummi anka kawo shi. Mutum biyu sunka kada shi da ƙyar."

"Sunan yaron nake so, Alhaji."

Ina jin talabijin a bayansa.

"Nasiru? A'a, Nasiru na matata Hajiya ne, shina Gusau. Sa Abubakar. Ba a kuskure da Abubakar."

Na kashe wayar na tofar da yawu a bakin zaure. Mutum ya riƙe kalar kan rago ya saki sunan ɗansa. Na tsaya ina jin ƙyamarsa, kuma ba zan ɓoye ba, akwai daɗi a cikinta, irin daɗin da talaka ke ji in ya kama mai kuɗi a hannu.

Da zan tafi, Ramlatu ta leƙo ƙofa ta kira ɗan kabu-kabun da ke kai mata ƙuli kasuwa, wani magidanci mai furfura a gemu.

"Mai-suna, zo ka kai Yaya tasha."

Muna tafe na tambaye shi ko Mai-suna ne sunansa. Ya yi dariya.

"A'a, Malam. Shamsuddeen nike. Kowa Shamsu yake ce mini, ita kaɗai ce ba ta iya faɗi. Wai sunan ɗanta na fari gare ni."

Na sa ya tsaya a gefen hanya, na rubuta a kan tankin mashin. Har na isa Gummi ina jin kaina kamar wanda ya gano rijiyar mai, alhali abin da na yi kawai shi ne hawa kabu-kabu.

Na ba matata labari. Ita kuma ta ba mace ɗaya tak, in ji ta. Kafin Juma'a wayata ta cika da saƙon murya. Matan dangi ne, daga Bukkuyum, daga Gummi, daga ƙauyukan Anka. Gwaggo Iya daga Zugu ta jero bakwai da numfashi ɗaya, ta rufe da gaisuwa da tambayar ruwa. Mardiyya matar ƙanena raɗa take yi, ana jin mijin na tari a kusa. Wata ta fara da "na biyu," ta kai ƙarshe, sai na ji ta ce, "Lauratu, karɓi ki faɗa mishi na farin." Wata murya ta faɗi suna ɗaya, sannan mai wayar ta karɓa ta yi sallama. Akwai masu cewa "sai wadda ta kwana uku," "sai wanda ya zo babu rai." Mazan da na bi gida-gida babu wanda ya ambaci ko ɗaya. Ba ƙarya suka yi mini ba. 'Ya'ya na ce, suka ba ni waɗanda suke ciyarwa. Ramlatu ba ta da waya, ban kuwa damu ba, nata na riga na kammala.

Kenneth ya dubi sunayen, ya dubi kukarsa.

"Hedimasta, wannan bishiya ba za ta ɗauka ba. Sai dai a rage hoton Alhaji."

Don haka na tafi Anka.

Na tarar da Labbo a falonsa mai sanyi kamar randa, 'yan kore zube a kafet. Aka kawo mini lemo. Na yi bayani tun daga Ramlatu har zuwa Gwaggo Iya.

"Fasta na ce ka yi mini, Hedimasta, ba maƙabarta ba."

'Yan kore suka yi dariya daidai gwargwado.

"Kuma kai malami ne, ka fi ni sani. Ɗiyan da sunka mutu ƙanana 'yan Aljanna ne. Suna can cikin ni'ima, su za su cece mu ma. Mi za su yi da fasta?"

"Ba don su ba ne. Don iyayensu mata ne."

"Mata ba su rasa abin kuka." Ya sunkuyo, ya rage murya. "Kuma ka yi tunani. In mutane sunka ga ganyen tunga reras, sai su fara ƙirga. Mai ƙirga kuwa tambaya zai yi. Zaɓe na tafe."

A nan ya kamata in miƙe in gaya masa wa ya shigo da duwatsun tsakar gida. Na shirya jawabin tun a mota, har da aya. Sai na kurɓi lemo. Abin da ya fito daga bakina daban ne.

"Masu rai ba su kai ɗari uku ba, Alhaji. In an haɗa da waɗannan, zuri'ar Malam ta haura ɗari huɗu."

Labbo ya ajiye carbi.

"Ɗari huɗu ka ce?"

"Har da ɗori."

Ya juya wajen wani ɗan kore. "Gidan su abokin takarata, nawa sunka ce su ne a taronsu?"

"Ɗari uku da hamsin, ranka ya daɗe. Kuma har da agola."

Fuskar Labbo ta washe kamar an yi masa bushara da ɗa namiji.

"To ai jininmu ne, Hedimasta. Wa zai ware jini? A sa su duka."

"Ai ko ranar zaɓe ba a raina matacce, Alhaji," in ji ɗan koren, falo ya ɗauki dariya.

Sharuɗɗa suka biyo baya. Kar a rubuta marigayi a kan ko ɗaya. Kar a sa shekara. Na Ramlatu a reshenta za a maƙala su, ba a nasa ba, don nasa ya cika. Hoto ba za a taɓa shi ba, sai dai a ƙara faɗin fasta.

"Waɗanda ba su kai suna ba fa?" na ce. "Ganye zan sa musu babu rubutu."

"Ganye babu suna ai asara ce. Cike su. Musa, Isa, Hauwa, wa zai bincika?"

Na fito ina jin kamar na haɗiye ƙuda. Na samu abin da na zo nema, amma ta hanyar da ko mahauci zai ji kunya. A ƙofa wani ya biyo ni da yadin shadda, wai in ji Alhaji. Na dube shi da dukkan ƙyamar da ke cikina, na karɓa. Ruwan toka ce, mai kyau.

Jarumtakar da na yi a wannan aiki guda ɗaya ce, ita ma ta ƙin ɗaga waya ce. Ban cike ganyen da Musa da Isa ba, kuma duk kiran da Labbo ya yi a makon na bar shi ya yi ta kuka a aljihu. Na sa Kenneth ya yi wa matattun kore mai haske, yadda mai nema zai gane su, mai ƙirga kuwa ba zai lura ba. Yana jera fararen ganyen nan marasa rubutu, bai ɗago ba ya ce:

"Ni ma ina da irin wannan guda ɗaya. Yana nan Gummi, bayan coci."

Na ce Allah ya ba da haƙuri. Ya ce amin, ya tambaye ni ko a ƙara wa gemun Alhaji baƙi.

An yi taro a filin wata makaranta a Anka. Fasta ta rufe bangon aji guda. Na sa sabuwar shaddata, aka ba ni kujera a sahun gaba, aka kira ni masanin tarihi a lasifika, na ɗaga hannu ina murmushi kamar wawa. Maroƙi ya tsaya gaban kukar yana ta ɓaɓatu: "Jikan Malam, mai zuri'a ɗari huɗu da ashirin, duk suna bayanka." Aka yi tafi. Wani ɗan jam'iyya ya ce gida irin wannan shi kaɗai akwatin zaɓe ne. Labbo ya yi jawabi a kan zumunci, har muryarsa ta yi rawa da ya zo kan haƙƙin ƙananan yara.

Sai da maza suka tashi cin shinkafa mata suka fito daga inda aka killace su. Suka yi cincirindo a gaban fasta, suna jawo 'yan mata 'yan makaranta su karanta musu. Na ga Gwaggo Iya ta ɗora yatsa a kan wani ganye ta daɗe ba ta ɗauke ba. Babu wadda ta yi kuka. Wata ta ce an yi wa nata ƙanƙanta, wata ta ce ai da ma ƙanƙane ne. Daga nan aka kira su kwashe kwanuka.

Ramlatu ba ta zo ba. Babu mai zama da Inna, kuma ba a aika wa sakakkiya mota. Na ɗauki hoton reshenta da waya, na kuma ɗauka, don kar a ce na farko bai fita ba.

Ranar kasuwar Bukkuyum na je. A mota na yi ta gyara yadda zan ba da labarin falon Labbo, na cire lemo, na cire shadda, na ƙara wa kaina tsawa kaɗan. Na tarar da ita tana matsar mai, Inna na kwance a tabarma tana hira da wani da ya rasu tun ina saurayi.

"Zo ki ga iccenki," na ce.

Ta wanke hannu sosai kafin ta karɓi wayar. Na buɗa mata hoton da yatsu biyu har reshen ya cika gilashi.

"Wannan ke ce. Wannan Zuhura. Wannan marar rubutu, wanda bai kai suna ba. Wannan na saman kuma, ba sai na faɗa ba, Mai-suna ya gaya mini."

Ta rufe baki da mayafi, amma idonta na dariya.

"Uban nasa fa?"

"Rago ya tuna," na ce. Na ba ta labarin fari mai baƙin kai, har da kwaikwayon muryarsa. Na ce ban taɓa ganin mutum mara zuciya irinsa ba, a ce ka haifi ɗa ka manta shi kamar tsohon takalmi. Na daɗe a kan wannan batu. Na iya shi.

Ramlatu tana bin ganyen da ɗan yatsa, daga sama zuwa ƙasa, ta sake komawa sama. Ta ɗan ja hoton gefe, kamar mai duba ko wani abu ya ɓuya a bayan reshen maƙwabta. Sannan ta miƙo mini wayar da hannu biyu.

"Allah shi saka da alheri, Yaya. Ka fid da ni kunya. Yanzu kowa ya gani ya san na haihu."

"Ai ba komai. Aikinmu ne."

"Fa'iza ce dai ba ta samu wuri ba."

"Wace Fa'iza?"

Ta dube ni, ba da fushi ba. Ta ɗauki ludayinta ta koma kan mai.

Huɗu Ramlatu ta haifa. Fa'iza ce auta, wata uku ta yi a duniya, kuma ni na kai ta maƙabarta a hannuna.